Guntaye Goma

A Mai Wurno, bayan rumfunan masu albasa,
inda iskar Bahar take leƙo ni da la'asar,
shekara arba'in ina feƙe ƙafar angarib.
Wanda ya kwanta a kan aikina bai taɓa tambayar sunana ba,
ni ma ban damu ba.

Sai ga Rumaisa'u, jikata, 'yar shekara uku da rabi,
da takarda a dunƙule cikin tafin hannu.
Malamarsu Ihlas ce ta aiko:
a yanka guntaye goma,
kowanne ya ɗara ƙanensa da kaurin ɗan yatsa,
ban da fenti, ban da zane,
a bar hannu ya yi nasa karatun.

Na yi dariya.
Ni da nake yi wa amare gado,
yau an mai da ni masassaƙin abin wasa.
Duk da haka na jawo ragowar bagaruwa,
wadda maƙwabta suke kira sunut,
na auna, na yanka, na goge
har santsinsu ya kai na ƙwan zabuwa.
Babban sai ta tallafe shi da ciki.
Ƙaramin bai kai ƙwallon dabino ba.

Ranar farko ta ɗora babba a kan ƙarami.
Ya rushe.
Ta harare ni kamar ni na hure shi.
Ban ce uffan ba, takarda ta hana.
Ashe riƙe baki ya fi riƙe zarto wuya.

Rana ta uku ta daina gaggawa.
Ta ɗauka, ta jinjina, ta shinshina,
ta lasa ma, ina kallo,
ta ajiye, ta sake ɗauka.
Shayina ya huce a gefen benci,
ƙuda ya faɗa ciki, ban kula ba.
Ɗaya, biyu, uku, huɗu,
gini yana hawa yana ramewa
kamar hasumiyar masallacin unguwarmu.

A na shida ta tsaya.
Ɗaya a dama, ɗaya a hagu,
ta runtse ido, ta matse su a kumatunta.
"Kaka, waɗannan tagwaye ne."

Na ce a'a.
Na faɗa da muryar shekara arba'in.
Ta ƙi ɗorawa.
Ta zauna da su a cinya, baki a ture.

Na ɗauko ma'auni don in kunyata ta.
Na kai bakin ƙofa wurin haske,
na matso, na nisanta, na goge ido da hannun riga.
Tsakaninsu bai kai ƙwayar riɗi ba.
Layin da na bi da zarto
ba shi ne layin da na ja ba.
Tun bara nake zargin fitila,
nake zargin ƙurar katako.
Yatsu goma masu warin madara
suka faɗa mini abin da na ƙi ji daga bakin likita a Sinnar.

Daren nan na sake yanka na bakwai,
babban yatsana yana gaba, zarto yana biye.

Da safe gini ya tsaya, goma cif,
ƙaramin a can ƙoli kamar tsuntsu ya sauka.
Ba ta yi tafi ba.
Ta rushe shi da kanta, ta fita.

Bayan magariba na tarar da ita a bakin zaure
ta jera takalman gida:
nawa, sai na kakarta, na uwarta, na yayarta Tahani, nata.
Tsakanin nawa da na kakarta ta bar fili.
Na miƙa ƙafa zan matso da su.
"Bari. Nan na Abba ne."
Abban yana Gadarif wurin yankan riɗi, wata na biyu ke nan.
Na janye ƙafata.

Tsohon na bakwai yana aljihuna har yau.
In mai ciniki ya ce, "Usta Tukur, idonka awo ne,"
sai in sa hannu in taɓa shi,
in ce a miƙo mini ma'auni.